An turo min takardar yafe lissafin gadon Babanmu, in sa hannu ko in dakata?

Ummu_Hanifa_BX
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gado a nan Amurka. Babanmu ya rasu bara a nan Bronx, cikin birnin New York, bai bar wasiyya a rubuce ba. Mama ce ya kamata kotu ta naɗa mai kula da gadon, amma ta janye ta ce a naɗa Yayanmu, mu ma duk muka sa hannu muka amince. Mu biyar ne: Yaya, ni, ƙanwata, autanmu mai shekara 16, sai babbar yayarmu ta wajen uba da ke aure a Kano. An sayar da gidan, an biya sauran bashin banki, Yaya ya ce abin da ya taru da kuɗin asusun Baba dala 400,000 ne. Akwai kuma inshorar rai ta dala 100,000 da aka biya Mama kai tsaye, don sunanta Baba ya rubuta.

Shekaranjiya lauyan da Yaya ya ɗauka ya turo min takarda shafi biyu. Ta ce na karɓi rabona dala 28,000, na yafe a kawo min lissafi, na amince da ladan Yaya dala 19,000 da na lauya dala 25,000, kuma ba zan ƙara tada magana ba. A wasiƙar da ke sama an ce in sa hannu gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu ya buga hatimi, cikin kwana 10, sannan a turo cek. Ni ban karɓi ko sisi ba tukuna, kuma ban ga takardar banki ko ɗaya ba. Ba zargin Yaya nake yi ba, Allah ya sani. In na ƙi sa hannu za su iya hana ni rabona?

DirebanDare
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni dai ban san doka ba, amma takardar da ta ce kin karɓa alhali ba ki karɓa ba, ba na sa mata hannu.

Anti_Balki_MD
Allah ya gafarta masa. 'Yata, dala 25,000 na lauya? Me ya yi, shari'a aka tafka?

Ummu_Hanifa_BX
Babu wata shari'a Anti. Ba wanda ya yi jayayya. Cike takardu ne da cinikin gidan.

Mai_Takardu
Allah ya jiƙan Baba. Ni ba lauya ba ne, amma a ofishin lauya nake aiki a Queens, irin wannan takarda da hannuna nake buga ta. Da farko ki kwantar da hankalinki, turo ta ba alamar cuta ba ce. Yawancin gado a jihar New York haka ake rufe shi: mai kula da dukiya ya nuna wa magada abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya sa hannu ya sallame shi, shi ke nan ba sai an koma gaban alƙali ba. Ya fi sauri, ya fi arha. Abin da ya ɓace a naki shi ne rabin farko. Sallama tana zuwa ne bayan an ga lissafi.

Rabonki ba ya faɗuwa don kin ƙi sa hannu, kuma kwana 10 ɗin nan ofishin lauya ne ya yanka, ba kotu ba. Abin da Yayanki zai iya yi in kin ƙi shi ne ya riƙe kuɗin ya kai cikakken lissafi kotun gado alƙali ya duba ya sallame shi. Wannan haƙƙinsa ne. Ke ma kina da naki: in wata 7 ya wuce da naɗa shi, kina iya shigar da buƙata kotu ta tilasta masa kawo lissafi, sashe na 2205 na dokar kotun gado ke nan.

Sai ladan nasa. Doka ce ta yanka a sashe na 2307: kashi 5 cikin ɗari na dala 100,000 ta farko, kashi 4 na 200,000 da ke biye, kashi 3 na 700,000 da ke biye. A kan 400,000, wato 5,000 da 8,000 da 3,000, jimla 16,000. Ba a kai 19,000 sai an yi lissafin a kan 500,000. Kin ga an cusa kuɗin inshora ciki. Inshorar da aka rubuta sunan mai karɓa ba ta bi ta hannun mai kula da gado ba, ba shi da lada a kanta. Na lauyan ma ki duba, 25,000 kashi 5 ne cif na 500,000.

BabanYusra
To Malam Mai_Takardu, na ji lissafinka, bari ni ma in yi nawa. Rarar 3,000 ce ko? In aka mayar da ita, rabi na Mama ne, rabi a raba biyar. Dala 300 ke nan za ta shigo hannun Ummu Hanifa. A kan dala 300 za a ɓata da wa uwa ɗaya uba ɗaya? Ni na riƙe gadon ƙanin mahaifina, na san wahalar. Ka bar aiki ka je layi a kotu, ka kwashe kayan shekara talatin daga gida, banki su ce dawo gobe, 'yan'uwa na gida suna kira da tsakar dare wai an ci kuɗi. Babu wanda ya taya ni ɗaukar ko katifa, amma ranar rabo kowa ya zama akanta. 'Yar'uwa, a bar kaza cikin gashinta.

DirebanDare
BabanYusra ka tsallake na lauyan. Shi ba ɗan'uwanta ba ne ai.

Bakatsine_Oakland
Amma jama'a lauya ya ɗauki kaso ai ba sabon abu ba ne. A nan California doka ce ma ta ba shi: kashi 4 na 100,000 ta farko, kashi 3 na ta biyu, kashi 2 na 800,000 da ke biye. Mai kula da gadon shi ma daidai haka. Abin haushin, a kan cikakken kuɗin gida ake lissafawa, ba a cire bashin banki. Gidan 700,000 da ake bin sa 500,000, a kan 700,000 za su yanka.

Mai_Takardu
Haka ne a wajenku Bakatsine, amma kowace jiha da nata. New York ba ta yanka wa lauyan gado kaso ba. Abin da ake dubawa shi ne ko kuɗin ya dace da aikin: awa nawa ya ɓata, wuyar aikin, girman dukiyar, abin da aka saba biya, da abin da aikin ya haifar. Alƙalin kotun gado yana da ikon rage kuɗin lauya ko da mai kula da gadon ya riga ya sa hannu a yarjejeniya da shi, yana cikin sashe na 2110. Kuma abin da mutanenmu ba sa ganewa, wannan lauyan na Yayanta ne a matsayinsa na mai kula da gado. Ba lauyanta ba ne, duk da cewa daga dukiyar da take da rabo a ciki ake biyansa. Takardar da ya rubuta, don kare wanda ya ɗauke shi ya rubuta ta.

Hajiya_Greensboro
Innalillahi. Allah ya ba ku haƙuri. Lokacin da maigidana ya rasu a nan North Carolina, magatakardan kotu ne da kansa ya bi lissafin layi-layi, har rasit na kuɗin makabarta sai da ya ce in kawo. A lokacin na ji haushi, ina cikin takaba ana tambayata rasit. Amma da dangin mijina na Damagaram suka fara ƙananan maganganu, takardar nan mai hatimin kotu na ɗauka a hoto na tura musu, maganar ta mutu. Wa ya ce lissafi don masu karɓa kaɗai ake yin sa? Yayanki ne zai fi kowa cin moriyarsa nan da shekara goma, lokacin da autanku ya girma ya fara tambaya.

Almajirin_Malam
Hajiya ta taɓo abin da nake son faɗa. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, Allah ya ce wa masu riƙon dukiyar marayu idan za su miƙa musu dukiyarsu su kafa shaidu. Bai ce sai in ana zargin mai riƙon ba. A ayar nan dai aka ce mai riƙon da yake mawadaci ya kame, wanda yake mabuƙaci ya ci gwargwadon abin da ya dace. Saboda haka karɓar lada ba haramun ba ne ga Yayanku, neman lissafi ma ba rashin kunya ba ne gare ki. Kuma akwai maraya a cikinku, yaro ɗan shekara 16. Babu wanda yake da ikon yafe haƙƙinsa a madadinsa don a zauna lafiya.

Amma ni abin da ya fi damuna, wannan rabon na 28,000 kowa daidai, ba rabon Musulunci ba ne.

DanZongo_Kumasi
Yawwa Malam, nan nake jira. Mun zo ƙasar mutane mun ajiye addini a filin jirgi. Mace da namiji daidai? Ai sai a ce mata za su ji daɗi.

Mai_Takardu
DanZongo ka yi lissafin kafin ka ce haka. Wanda ya rasu ba wasiyya a New York ya bar mata da 'ya'ya, matar tana ɗaukar dala 50,000 da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai. Daga 28,000 sau biyar za ka gane abin rabawa 330,000 ne: Mama 190,000, 'ya'ya 140,000. Malam ya faɗa mana yadda zai kasance a shari'a.

Almajirin_Malam
In iyayen mamacin ba sa raye, kuma mata ɗaya ya bari: tumuni nata ne, 41,250. Saura 288,750, maza biyu mata uku, kaso bakwai. Kowace mace 41,250, kowane namiji 82,500. Ka ga DanZongo, 'yan matan ƙaruwa za su yi a rabon shari'a. Wadda nata zai ragu sosai Mama ce. Kuɗin inshora kuwa malamai sun yi saɓani a kai, ko na wadda aka rubuta sunanta ne ko ya shiga cikin abin da za a raba, wannan ku zauna da malamin da kuka yarda da shi.

DanZongo_Kumasi
To fa. Wa zai je ya ce wa tsohuwa ta mayar da kusan 150,000?

Ummu_Hanifa_BX
Mama da bakinta ta ce ba ta son ta ci abin da Allah bai ba ta ba. Yaya ya ce a bari a rufe na kotu tukuna, sai mu gyara a gida.

Anti_Balki_MD
"Mu gyara a gida" ɗin nan ya raba gidaje da yawa, 'yata. Ku rubuta shi. Kuma ku yi hattara, ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki. In tsohuwa ta kyautar da kuɗi masu yawa, sannan ciwo ya zo ta buƙaci Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga marasa ƙarfi, ta biya mata gidan jinya, suna waiwayar shekara 5 baya su ga abin da ta bayar, su ƙi biya na wani lokaci. Ba ina cewa kada ta bi shari'a ba. A tambayi mai sani kafin ta rubuta cek.

Mai_Takardu
Gaskiyar Anti. Ƙari a kai: akwai hanyar da magaji zai rubuta wa kotu ya ce ya janye daga rabonsa, amma cikin wata 9 da rasuwa ake yi, kuma ba shi zai zaɓi wanda za a ba ba, doka za ta ɗauka kamar ya riga mamacin rasuwa ne. Ga alama wannan wa'adin ya wuce muku. Abin da ya rage shi ne kyauta. A 2025 mutum na iya ba wani har dala 19,000 a shekara ba tare da ya sanar da hukumar haraji ba. In ya haura sai a cike fom mai lamba 709, kuma galibi ba a biyan komai, sanarwa ce kawai. Kada dai a haɗa wannan da takardar da ke hannunki. Ita sallamar Yaya ce daga aikin da kotu ta ba shi, ba ta ce komai kan rabon shari'a ba.

Kano_Ta_Dabo
Ina bibiyarku daga gida. Abin dariya, mu nan kuka muke da ushira, kashi ɗaya cikin goma da aka san alƙalai na ɗauka tun zamanin da in sun raba gado, shi ya sa da yawa suke kiran malami gida a raba a tsakar gida. Ashe ku ma can 44,000 cikin 400,000 ta tafi, ya ma haura ushirar. Tambayata, ita yayar taku ta nan Kano, da wane yare aka turo mata takardar? Wa ya karanta mata?

Ummu_Hanifa_BX
Ta WhatsApp aka tura mata, da Turanci. Ta kira ni tana tambaya ko takardar karɓar kuɗi ce. An ce ta je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a buga mata hatimi.

Bakatsine_Oakland
Dala 50 ne kowane hatimi a can, kuma sai ta nemi rana ta intanet tukuna. Kuɗin mota daga Kano zuwa Abuja ma a sa shi a lissafi, kada a bar ta da shi.

BabanYusra
Ku dai kuna ta zuga yarinya. In aka je lissafin kotu, kuɗin shigar da shi kaɗai ɗaruruwan daloli ne, lauya zai sake cajin awanninsa na shirya shi, duk daga dukiyar nan. A ƙara shekara ana jira. Wa ya ci riba? Lauyan da kuke kuka da shi.

Mai_Takardu
Wannan gaskiya ne BabanYusra, dukiyar da ke tsakanin 250,000 da 500,000 kuɗin shigar da lissafinta dala 625 ne, ban da na lauya, kuma yana cin watanni. Shi ya sa ban ce ta ruga kotu ba. Tsakanin sa hannu ido rufe da zuwa kotu akwai fili babba. Ta rubuta wa lauyan wasiƙa mai ladabi ta nemi takardun asusun gadon daga banki tun ranar da aka buɗe shi, takardar rufe cinikin gida wadda ke nuna kuɗin dillali da bashin da aka biya, jerin abin da aka kashe da rasit, yadda aka lissafa ladan Yaya, da takardar awannin lauya. Ofishin da ke aiki tsakani da Allah cikin mako guda zai haɗa wannan, don duk suna cikin fayil. Ta tambaya kuma ko an ware wa Mama abin da doka ta keɓe wa matar mamaci kafin rabo, mota har ta dala 25,000 da tsabar kuɗi har 25,000, don ban ji an ambata ba.

Sannan ko ita ta sa hannu, na autansu fa? Sa hannun ɗan shekara 16 ba ya ɗaure shi, kuma uwa ba ta sallamar wani a madadinsa haka kawai sai kotu ta naɗa ta mai kula da dukiyarsa. Kuɗin yaro in ya wuce dala 10,000 ba a miƙa wa iyaye hannu da hannu. Ina mamakin yadda lauyan ya yi niyyar tsallake wannan.

DirebanDare
Gidan Baba mai hawa biyu ne irin na Bronx ɗin nan? Ba ɗan haya a ciki?

Ummu_Hanifa_BX
Akwai. Wani bawan Allah da iyalinsa a ƙasa, dala 1,800 duk wata, har wata 9 kafin a sayar. Yanzu da ka faɗa na koma na duba, babu maganar haya a takardar ko kaɗan. Na kira Yaya, ya ce da ita ake biyan bashin gidan da wuta da ruwa duk wata, har yana cikawa daga aljihunsa. Na yarda da shi, don na san nawa Baba yake biya. Amma ransa ya ɓaci, ya ce shi ke nan yanzu ya zama ɓarawo.

DirebanDare
16,200 ke nan. BabanYusra, ba 300 ba ce kuma.

BabanYusra
Kuma mutumin ya faɗi inda ta tafi. Har da kuɗin aljihunsa.

Hajiya_Greensboro
To ai shi ya sa za a rubuta. In ya cika daga aljihunsa, bin gadon yake bashi, a mayar masa. Ta yiwu lissafin ya nuna shi ake ci. Ummu Hanifa, kada ki sake kiransa a waya kan wannan. Ki je gidansa da Mama, ko ki sa kawunku ya zauna da ku. Ki ce masa saboda auta da Yaya ta Kano kike so komai ya fito a takarda, kada gobe wani ya buɗe baki a kansa.

Lissafi_Dole
Ina aikin cike wa mutane takardun haraji, bari in sa baki kan abu ɗaya. Gado ba a biya masa harajin kuɗin shiga, amma ladan kula da gado ana biya, don a wajen hukuma kuɗin aiki ne. Yayanku zai sa 16,000 ɗin a takardar harajinsa ta shekara, tarayya ta ci, jiha ta ci, birnin New York ma ya ci. Shi ya sa da yawa in su ma magada ne suke yafe ladan ko su rage. A nasa yanayin yafewa asara ce gare shi, tunda kashi ɗaya cikin goma kawai zai dawo masa ta hanyar rabo, don haka kada a matsa masa. Ya dai sani kafin ya karɓa.

Almajirin_Malam
Sulhu a gado halas ne, magaji na iya yafe nasa ko ya karɓi wani abu ya fita, an yi haka tun zamanin Sahabbai da matar Abdurrahman ɗan Aufu. Sai dai malamai suna son mai yafewa ya san abin da yake yafewa, kuma ba kunya ce ta sa shi ba.

Anti_Balki_MD
Mai_Takardu, in ta riga ta sa hannu daga baya ta gano an ɓoye wani abu fa? Ƙawata ce ta shiga irin wannan.

Mai_Takardu
Ana iya roƙon kotu ta soke takardar in an nuna yaudara ko an ɓoye wa mutum abin da ya kamata a bayyana masa, amma shari'a ce sabuwa mai cin kuɗi, kuma kuɗin gadon ya riga ya watse a hannun mutane. Ƙawarki a wace jiha take? Ummu Hanifa, wani abu kuma: ki karanta ƙasan shafi na biyu, yawanci akwai layin da ke cewa in bashi ko haraji ya ɓullo daga baya za ki mayar da kuɗi. Ki tabbata an rubuta iyakar abin da kika karɓa ne kuma gwargwadon kasonki, ba duka ba. Awa ɗaya wurin lauyan da ke naki ya karanta miki shafi biyun nan ba zai kai abin da ake magana a kai ba.

Ummu_Hanifa_BX
Layin yana nan, kuma babu iyaka a ciki. Na tura wa lauyan wasiƙar da safen nan, sakatariyarsa ta amsa cewa za su duba maganar inshorar. Kan awanninsa ba ta ce komai ba. Kawu ya ce ranar Lahadi bayan la'asar mu haɗu a wurin Mama. Yaya bai ɗauki wayata ba tukuna.

BabanYusra
Allah ya daidaita ku. Ni dai har yanzu ina ganin da an fara zaman Lahadin kafin wasiƙar.

Anti_Balki_MD
A New Jersey take, Mai_Takardu. Shekara biyu ke nan da ta sa hannu.